Akuyar da na bayar da yaren Karacai

Shekarar da ’yar yayana ta dawo daga karatun likita a Rasha, muka taru a gidanmu na Toranke don yi mata barka da zuwa. Ta ce garin da ta zauna cikin duwatsu yake, mutanen Musulmi ne, yarensu Karacai-Balkar. Wai su komai a wutsiyar kalma suke liƙa shi. Gida “uy” ne, a gida “uyde”, zuwa gida “uyge”, daga gida “uyden”.

Sai ta nuna akuyata a turke.

“Baffa, wannan ‘ecki’ ce. Akuyata, ‘eckim’. Akuyarka ko akuyarki, ‘ecking’.”

Taubashiyata, ’yar gwaggona da ke aure a Gafasa, tana gefe tana ɓarar gyaɗa.

“Wannan da ko Hausar da ƙyar?” in ji ta. “Kai, dube ni ka faɗi ta biyun, in ka isa.”

Na dube ta, na nuna akuyar, na ce “ecking”. Har sau uku.

“Jama’a kun shaida! Na gode, Allah ya ƙara arziki.”

Kowa ya yi dariya ban da ni. Ni mutum ne da ko alwala sai na sake ta. Na faɗa da bakina a gaban shaidu, kuma na san ma’anarsa. In na ci gaba da riƙe akuyar nan, ba dabbar wani nake kiwo ba?

Na shiga mota har Gaya wurin wani malami. Ya ce kyauta sai da niyya. “Ka yi niyya?” Na ce a’a. Amma a hanyar dawowa, kafin mu kai Ajingi, na fara shakkar faɗa ta uku, don a lokacin murmushi nake yi.

Washegari na ja akuyar zuwa Gafasa. Damina ce, shuka ta tashi.

Kwana shida sai ga wayar taubashiyata. Akuyar ta tauna igiya, ta shiga waken maƙwabta, maganar har gaban mai unguwa.

“Zo ka ɗauki tsiyarka! Wasa nake yi, mugu!”

Na ce ban iya karɓar abin da na riga na bayar.

Akuyar tana can har yanzu, da sarƙa a ƙafa. Abin da ke damuna shi ne, na san tana cin igiya, ban faɗa ba. Ina so in tambayi malamin, amma ina tsoron ya ce in je in karɓo ta.