Romon Saniya a Mina

Kano zuwa Wadai

Mun bar Kano ranar Talata kafin kiran assalatu, ni da wana Malam Sule, a bayan motar gyaɗa. Kwana biyu muka yi a Maiduguri. A dajin Wadai mota ta lalace, muka kwana huɗu, guzuri ya ƙare. Direba ya kashe damo ya gasa, ya miƙo mini cinya.

"Karɓi, Iya."

"Gidanmu ba a cin damo tun kakanni."

"A wane littafi aka haramta shi?"

"Ban ce haramun ne ba. Na ce ba na ci."

Aka yi dariya, aka karkaɗe buhu aka ba ni sauran ƙanzo. Ku riƙe wannan.

Sawakin zuwa Makka

A Sawakin, bakin teku, aka tsare mu kwana takwas, aka yi mana allura, sannan jirgin ruwa ya kai mu Jidda. Daga nan a ƙafa, mil arba'in da 'yan kai. A bakin Harami askarawa suka duba takardunmu, don wanda ba Musulmi ba ba ya wuce wurin.

Muka sauka gidan Hajiya Dije, Bakatsiniya ce da ta shekara ashirin a Makka. Ta haɗa ni ɗaki da Zainabu, Ba'indiya, wadda mijinta ya rasu a jirgi. Zawo ya ƙarar da ita, sai ido. Larabcinta kaɗan ne, Dije ke mana tafinta. Iyayen Zainabu 'yan Hindu ne, ba sa cin saniya, ita kuwa ta musulunta tun tana amarya. Sallarta ta fi tawa kyau, wannan na gani da idona.

Mina

Ranar Salla mu bakwai muka yanka saniya. Da azahar na kai wa Zainabu romo a ƙwarya. Ta kau da kai, ta roƙi a dafa mata adas, ɗan waken nan nasu.

Na ce, "Hajiya, tambaye ta, har yanzu saniya take bauta wa?"

Dije ta tambaya, ta juyo. "Ta ce Allah ɗaya ne, kuma ta san halal ce. Haka dai uwarta ta raine ta, maƙogwaronta ba ya karɓa."

"To babu adas sai ta sha. In ta ƙi, askarawa za su ji."

"Haram alaiki, Hauwa, ki ji tsoron Allah. Matar nan ba ta da lafiya."

Ban janye ba. Zainabu ta dube ni, ta yi bisimilla, ta shanye. Ta yi ta amai har la'asar. Na dafa adas ɗin da hannuna, amma ko ruwa ya daina zama a cikinta. Washegari da hantsi ta cika, da kalmar shahada a bakinta.

Ni na yi mata wanka. Ina zuba ruwa damon Wadai ya faɗo mini a rai. Maganata ce Zainabu ta maimaita mini. Ni an ba ni ƙanzo.

Gida

Bayan wata biyar muka iso Kano ranar Juma'a da la'asar, unguwa ta cika da guɗa. Na gode wa Allah, na gode wa Malam Sule da Hajiya Dije, da malamar ajin manya da ta koya mini riƙe alƙalami da furfura a kaina. Dije ta ce ciwon ne ya kashe ta, ba romo ba. Wataƙila. Ni dai na san wanda ya riƙe ƙwaryar. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi wa Zainabu addu'a kafin ya yi mini.