Rantsuwar Yaya Mamduh a Kan Babban Kanti

Yayana Mamduh bai taɓa yin aure ba, bai taɓa shiga jirgin sama ba, amma in ka kuskura ka tambaye shi inda ya dace mutum ya sayi wasan kwamfuta, to ka nemi kujera. Shagonmu ɗaya a bayan tashar jirgin ƙasa ta Tanta, gadon mahaifinmu. Ni Afaf ke da ɓangaren dama, ina sayar da littattafan rubutu da alƙaluma, shi kuma yana gyaran kwamfuta a hagu. Shekara ashirin da shida ina shan surutunsa ta bayan katako, har na haddace abin da ban taɓa neman sani ba.

Da can faifan wasa yake sayarwa. Da intanet ta zauna da gindinta sai cinikin ya koma kantunan da ba su da ƙofa: ka biya da kati, ka sauke wasan a kwamfutarka. Abokan sana'arsa suka koma sayar da murfin waya. Shi kuwa ya tsaya kan gyara, ya ƙara da ba da shawarar da ba wanda ya roƙa.

Kowane kanti ya raɗa masa suna. Akwai Mai Sadaka, wanda ke raba wasa kyauta duk mako don ka saba da zuwa. Akwai Gidan Haya, inda kake biya duk wata ka buga abin da ka ga dama, ran da ka daina biya ka fita hannu biyu. Akwai Babban Kanti, inda duk duniya take, ga rangwame, ga abokanka kana ganin wanda ya shigo. Sai ƙaramin da yake ƙauna, Ɗan Halak, wanda in ka saya zai miƙa maka wasan ka adana a inda kake so, ya buɗe ko da intanet ko babu.

“Malam, tambaya ɗaya ce,” haka yake ce wa duk wanda ya kawo gyara. “Abin da ka saya, naka ne ko aro aka ba ka?”

“Usta, ni fa fankar ce ta daina juyawa,” in ji mai kwamfutar. Usta muke ce wa gwanin sana'a a nan.

“Za ta juya. Amsa min tukuna.”

Ƙiyayyarsa da Babban Kanti tana da asali, kuma gaskiya laifinsa ne, ko da yake ba ya so a faɗa. Lokacin da katin biyan kuɗin waje yake da wuyar samu, mutanenmu sun saba sayen akawun, wato asusun shiga kanti, a hannun dillalai, wanda aka buɗe da sunan wani a wata ƙasa mai araha. Yaya ya sayi irin wannan na Babban Kanti, ya shekara uku yana tara wasanni a ciki. Rana ɗaya mai sunan na asali ya canza kalmar sirri, shi ke nan. Ba wanda zai kai wa kuka, tunda a takarda ba shi ba ne. A gaban mutane ya ɗaga yatsa ya ce wallahi tallahi ko sisinsa ba zai ƙara shiga Babban Kanti ba har ya koma ga Allah.

Mutum ɗaya ne ya isa ya yi masa dariya a kan wannan, wato Makram mai gyaran agogo, da ke tsallaken titi. Tun suna firamare suke tare. Makram na zuwa coci ran Lahadi, Yaya na zuwa masallaci ran Juma'a, ran Asabar kuwa ta su biyun ce. Da safe Makram zai shigo da burodi da wake mai zafi a takarda, su haɗa kwamfuta biyu da waya, su buga wani tsohon wasa na gina gari a bakin teku da kai wa juna yaƙi da jiragen ruwa. Zagi kuwa ba a magana.

“Mai agogo, garin nan naka ko akurkin kaji?”

“Ka bari in gama katanga, tsohon tuzuru, yau sai ka kira Afaf ta cece ka.”

Shekara biyu da suka wuce ɓarin jikin Makram na dama ya shanye. Ɗansa Bishoy ya zo ya tafi da shi Sidni, can ƙetaren teku, inda yake aiki. Harshen Makram ya yi nauyi. In Yaya ya kira, shi kaɗai ke zuba, can sai a ji gurnani, sai a kashe. Daga baya Makram ya ƙi karɓar waya gaba ɗaya, kunya yake ji. Ran Asabar kuwa sai in ga Yaya ya goge kwamfuta ta biyu ya sake rufe ta da zane. Tausayinsa ya riƙa kama ni, ni da muke faɗa kullum a kan kuɗin wuta.

Ran nan sai ga kiran Bishoy, Yaya ya buɗe muryar wayar har ina ji.

“Kawu, likita ya ce Baba ya riƙa motsa hannun hagu. Na sa masa wasan nan naku. Wata biyu yana fama, yanzu yana iya jan linzamin kwamfuta. Jiya ya rubuta sunanka a takarda ya nuna min allon.”

Yaya ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. “Yau ɗin nan! A ina ka saya masa?”

“Babban Kanti mana.”

Sai ya koma ya zauna. Nasa na Ɗan Halak ne, kuma shi wannan tsohon wasa, wanda ya saya a can da wanda ya saya a nan ba sa haɗuwa ta intanet. Dole ɗaya ya bi ɗaya.

Me kuke tsammani ya yi? Rubutu ya zauna yi. Ya aika wa Bishoy dogon bayani, kanti da kanti, wanne ke riƙe maka kaya, wanne ke sakar maka, har da jan layi. Ya ce shi zai saya wa Makram na Ɗan Halak. Bishoy, yaro mai ladabi, ya amsa da cewa, “Kawu, duk na yarda. Amma wuri ɗaya Baba ya koyi dannawa, da ƙyar. In na canza masa allo zai ture kwamfutar, na san shi.” Yaya ya sake aika wani bayanin. Asabar uku suka wuce a haka.

Ta huɗun na zagayo ta bayan katakon, na tsaya masa a ka.

“Yaya, kai fa ba ka da kunya.”

“Ke Afaf, rantsuwa na yi. Da sunan Allah. A gaban mutane.”

“Mutanen da rabinsu sun mutu, rabi sun manta? Bawan Allah yana can da hannu ɗaya yana jiran ka, kai kana nan kana ja wa yaro layi a takarda. Ashe duk karatun naka ba ka kai babin kaffara ba? Ka ciyar da mutum goma ka huta, mu ma mu huta.”

Ya daɗe yana juya sukundireba a hannu. Can ya ce, a hankali, “In na shiga na tarar ba shi ba ne fa? In ya zama ba ya iya komai?”

Sai a lokacin na gane ba rantsuwar ce ta riƙe shi ba, tsoro ne. Na tausaya masa, amma ban nuna masa ba. Na ciro katina daga jaka na dangwara masa a tebur.

Washegari bayan azahar ya je wurin mai koshari ya sa aka cika kwano goma, shinkafa da taliya da soyayyar albasa har suna zuba, ya bi 'yan dakon tasha ɗaya bayan ɗaya ya miƙa musu da hannunsa. Wani ya ce, “Usta, rasuwa aka yi?” Ya ce, “Ci abinka.” Ya dawo ya buɗe akawun, wannan karon da sunansa da na ubansa da ƙasarsa, yana yi yana tsaki.

Asabar da ƙarfe tara na safe, can kuma yamma ta yi, sunan Makram ya haska a gefen allo. Na bar kantata na zo na tsaya. Aka fara. Mutanen garin Makram na cikin wasan suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Katangarsa ta fito a karkace, ya bar gefe guda a buɗe. Kafin ya gina jirgi ɗaya, Yaya yana da goma sha biyu. Sai na ga Yaya ya kwashe jiragen ya kai su bayan wani tsibiri, yana ta zagaye da su, wai shi bai ga hanya ba.

Sai rubutu ya fara fitowa a ƙasan allo. Ya ɗauki lokaci kafin ya cika, ga kurakurai, amma ya karantu.

“Ina ganin jiragenka. Hannuna ne ya shanye, ba idona ba. Taho, matsoraci.”

Yaya ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga. Ya mayar, ya gyara zama, ya juyo da jiragen goma sha biyun gaba ɗaya. Ya shiga ta gefen da aka bari a buɗe ya ƙone garin Makram ƙurmus, bai bar ko rumbu ba, hawaye na bin gemunsa.

Muka zuba wa allon ido. Can sai ga kalma ɗaya.

“Sake.”