Ranar da Mai Sitata Ya Mayar da Hannu Baya

Falle ɗaya na kwano ne ya raba rumfata ta walda da rumfar Mai Sitata, shekara talatin da ɗaya. Ni ina dukan ƙarfe, shi yana zagina ta cikin kwanon. A haka muka yi furfura.

Aikinsa guda ne tak, gyaran sitatar tsofaffin babura, ƙaramin injin nan da ke juya babban idan an danna maɓalli. Ba ya faci, ba ya taɓa birki. Ka kawo masa babur da wata cuta daban, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce ka ƙara gaba. Yana da yadda yake aikinsa, kuma mutane har kallo suke zuwa. Zai zauna a bencinsa na bakin rumfa, ya mayar da hannu biyu baya, ya rufe ido, ya ce, "Danna." In sitata ta yi ƙas-ƙas-ƙas da sauri, ya ce batir ya yi sanyi, ko bakin wayarsa ya yi tsatsa. In ta juya a banza tana fito, ya ce haƙoranta sun daina kama injin. In tana ja da ƙyar, ya ce kabon ɗin cikinta ya cinye. A kwance, a tarar da abin da ya faɗa. Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba a shekarun nan, kuma na so in gani.

Don mutumin ba shi da daɗin zama. Wani malamin makaranta ya taɓa cewa shi a ganinsa batir ne. Mai Sitata ya miƙa masa sifana, ya koma ya harɗe ƙafa, ya bar bawan Allah tsaye a rana da sifana a hannu har ya ba da haƙuri. Wanda ya fi shan wuya kuwa babban ɗansa ne, Dogo. Mutum ya kai shekara arba'in, da mata da 'ya'ya uku, ya koyi aikin waya da kyau, har ya sayi mitar gwada wuta, amma bai isa ya buɗe baki a rumfar ba. Da ya ɗauko mitar uban zai ce, "Ajiye min wannan abin wasan yaran, ka kawo sukundireba." A gaban mutane yake faɗa. Dogo ya sunkuyar da kai ya kawo.

Ni na fara gane kunnen Mai Sitata ya tafi. Wata rana na wuni ina dukan wata ƙofar ƙarfe, tun safe har la'asar, ban ji zagi ko ɗaya ba. Na leƙa, na gan shi zaune lafiya lau. Daga nan na sa masa ido. Ya koma magana da ƙarfi, yana kallon bakin mai yi masa magana. Hannun da yake mayarwa baya ya daina mayarwa. Yanzu kafin ya ce a danna, sai ya dafa kujerar babur kamar mai hutawa, ko ya jingina gwiwarsa da injin. Da tafin hannu yake jin motsin sitata. Dabarar tana ci sau takwas cikin goma. Sau biyun da suka rage Dogo ke gyarawa a ɓoye, ya ce wa mai babur wai an samu wata matsala ta biyu.

Na san gudumata na da hannu a wannan kurumcin. Da ina da kirki da na rufe bakina. Amma a makon nan ya ɗaga wani ƙarfen sitata da na liƙa masa, ya nuna wa jama'a, ya ce ko makaho ya fi ni iya walda. Aka yi ta dariya. Da yamma na ja Dogo bayan rumfa, na ce, "Kai ba ka lura ba? Babanka ba ya ji. Dubi hannunsa."

Dogo ya leƙa rumfar. Can ya ce, "Na zaci tsufa ne kawai, Baba Mai Walda. Ashe hannun ne."

Abin da Dogo ke so ba ɓoyayye ba ne. Bencin bakin rumfa yake so, inda ake zama a yanke wa babur hukunci. Abin da uban ke riƙe da shi ke nan a duniya, don gida ba ya zama, abokai kuwa bakinsa ya kore su tuntuni.

Bayan kwana uku, da hantsi, lokacin da layin rumfunanmu ya cika, Dogo ya turo wani tsohon jan babur ya kafe shi nesa da bencin kaɗan. Ya kira mai faci, ya kira mai fenti, ya tsayar da masu jiran gyara. Ni ya ɗora wa danna maɓallin, na tsaya tsakanin babur ɗin da bencin. Ya raɗa min cewa ya cire batir ɗin gaba ɗaya, babu abin da zai motsa. Sannan ya durƙusa gaban uban, ya buɗe baki sosai yadda tsohon zai karanta.

"Baba, waɗannan suna musu. Wai ba ka iya faɗar cutar babur sai ka taɓa shi. Nuna musu yadda kake yi, hannu a baya."

Mai Sitata ya dubi jama'a, ya dubi babur ɗin. Na ga idonsa ya tsaya a kan baƙin man da ya jiƙe gindin sitatar. Yana iya cewa ya gaji, ko ya kore su da zagi kamar yadda ya saba. Girman kai bai bar shi ba. Ya gyara zama, ya mayar da hannu baya, ya rufe ido.

"Danna."

Na danna. Babu ko ƙis. Layin ya yi tsit, har mai faci ya ajiye famfonsa.

Tsohon ya karkata kai, ya yamutsa fuska irin ta mai saurare, ya ɗan gyaɗa kai.

"Ƙara dannawa."

Na ƙara.

"Yauwa," ya ce da ƙarfi. "Kun ji yadda take ja? Kabon ne. Mai ya shiga ciki ya jiƙa shi. Ku saurara da kyau, a ƙarshen juyin tana ɗan shaƙewa."

Mai fenti ne ya fara fashewa. Sai layin gaba ɗaya ya ɗauka, wasu har da riƙe ciki, wani yana buga cinya. Shi kuwa idonsa a rufe, ba ya jin komai. Ya ci gaba da bayani, yana murmushi, yana koya musu yadda ake bambance kukan kabon da na batir, yana cewa yaran yanzu ba su da kunne. Ya yi kusan minti biyu yana yi. Ban taɓa jin minti biyu masu tsawon waɗannan ba, kuma duk tsawonsu yatsana na kan maɓallin.

Da ya buɗe ido, bakunan mutane ya gani a wangale. Murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba Dogo ya ɓalle murfin gefen babur, ya juyo da shi ya nuna masa gidan batir wayam, wayoyi biyu suna reto.

"Baba, je ka huta," in ji Dogo. Bai ɗaga murya ba, ya dai buɗe baki sosai.

Washegari Dogo ne a kan bencin, mitarsa a cinya. Tsohon bai zauna a gida ba. Ya zo kamar kullum, aka ba shi wuri a can ƙuryar rumfa da kwanon fetur, yana wanke notuna. Ni kuma na rasa abin da ke damuna, na yi ta ƙona ƙarfe a banza. Kunya ce, na sani.

Da rana tsohon ya zagayo rumfata. Bai taɓa shigowa ba sai don faɗa. Na miƙe ina jiran zagi, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya yi magana da ƙarfin nan na wanda ba ya jin kansa, har mai faci ya waigo.

"Shi ɗana ne, na san abin da na yi masa. Amma kai, Mai Walda, kana tsaye dab da ni. Da ka ɗan taka min ƙafa."

Na buɗe baki in ba shi amsa, amma ya riga ya juya baya.