Wanzamin da Rufe Boda Ya Yi wa Rana

Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗinki a rumfar da ke manne da ta Namadi Wanzami, a bakin hanyar da ta fita daga Bagudo ta nufi iyakar Benin. Zana ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba, gani na yi.

Namadi ɗan siriri ne, hannunsa ba ya rawa, ga maƙo kamar me. In ya gama aski yakan goga wa mutum alimun a haɓa, farin dutsen nan mai bauri da ke tsayar da jini, wanda mata ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta. Sauran wanzamai in alimun ya ƙanƙance yar da shi suke yi. Shi kuwa tara ɓarɓashin yake yi a gwangwani. Wata rana ya zuba wa ɓarɓashin ruwan zafi don ya wanke, sai aka kira shi askin suna a Kurgu, ya manta. Bayan kwana huɗu ya buɗe gwangwanin ya tarar da wasu 'yan duwatsu masu ƙyalli kwance a ƙasa, kowanne da fuska takwas da tsini shida.

Ya leƙo ta saman zana. "Tela, zaka ka gani. Wa yas sassaƙe su?"

Na ce, "Ni na sani? Tambayi gwangwanin."

Da na san abin da zai biyo baya, da na zubar da ruwan a ranar. Mutumin nan ya bar hira, ya koma ƙirga fuskoki. Ya fasa ɗaya da bayan aska ya mayar da gutsuren cikin ruwan, gutsuren ya warke ya dawo da fuska takwas ɗinsa. Ya gwada gishiri, ya fito da fuska shida kamar dunƙulen sukari. Ya gwada kanwa, ta dame ta zama kunu, ya ce ita dai ba ta da tarbiyya. A hankali ya gane cewa in ruwan ya huce da sauri, ƙanana ne ke fitowa bila adadin, in kuwa an bar shi ya sha iska a natse, guda ɗaya ke ƙiba. Sai ya zaɓi mai kyau, ya ɗaure da zare, zarena kuma, ya rataya a cikin kwalba mai faɗin baki.

Burinsa ɗaya ne a duniya. Yana son ya raini dutse mai girman ƙwan agwagwa, garau, wanda za a ɗora a kan rubutu a karanta ta cikinsa.

Abin da ya hana shi shi ne girgiza. Duk tirelar da ta wuce sai rumfunanmu sun kaɗa, washegari ya tarar dutsen ya yi hazo a ciki, ko 'ya'ya sun tsiro masa a jiki kamar ƙuraje. Da ya ga ba shi da iko da tirela, sai ya juyo kan kekena.

"Tela, don Allah taka sannu, shina barci."

"Wa ka barci?"

"Dutsen."

Na gaya masa cewa da keken nan nake ciyar da mutum tara, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke zaune a kwalba. Muka yi mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Sai aka rufe boda. Hanyar nan da ba a tsallaka ta sai an duba hagu da dama ta koma wurin kwanciyar awaki. Direbobi suka watse, masu abinci suka kife tukwane. Ni a Sallar shekarar riga huɗu na ɗinka. Kowa na Allah wadai, Namadi kuwa yana yawo yana ɓoye murmushi kamar magajin da ke zaman makokin attajiri. Na ji haushinsa ƙwarai, ban kuma ɓoye masa ba.

Ƙasa ta daina motsi, dutse ya samu abin da yake so. Tun da babu kawunan askewa, Namadi ya narkar da duk alimun ɗin rumfarsa ya ciyar da shi. Har matarsa Raudatu ta zo ta kawo mini ƙara, wai ya kwashe na randarta, suna shan ruwa ja. Bayan shekara da watanni ya ciro dutsen ya ɗora a kan tef ɗin awona, na karanta lambobin ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ni da nake zaginsa, sai da tsikar jikina ta tashi. Tsini ɗaya ne kawai bai gama fitowa ba. Ya mayar da shi kwalba ya ce saura mako guda.

A cikin makon nan manyan motoci suka fara dawowa. Wanda ya fara tsayawa Ma'azu ne, direban da Namadi ya shekara goma sha biyar yana yi wa aski. Da ƙyar muka gane shi. Ya rame, gemu ya cinye masa fuska, don ya yi alkawari ba zai taɓa shi ba sai ya sake bin hanyar nan da kaya. Tun daga bakin titi yake kiran "Baba Namadi", ya zo ya zauna a tabarma ya miƙa wuya.

Ana cikin aski wata motar ta wuce. Hannun Namadi ya riga ya manta da girgiza, aska ta zame ta tsaga haɓar Ma'azu. Jini ya biyo wuya. Namadi ya miƙa hannu cikin gwangwani, babu ko ɓarɓashi. Ya dube ni, na ce masa ni tela ne. Ya dubi kwalbar, ya dubi jinin da ya kusa kaiwa wuyan riga. Sai ya ja zaren.

Jiƙaƙƙen alimun narkewa yake yi a fata. Ina kallo tsinin farko ya goge, na biyu ya bi shi, jini ya shiga fuskokin nan da aka yi shekara ana lallaɓawa. Ma'azu ya runtse ido don zafi, sannan ya ce, "Baba, wanga alimun naka akwai kyawo. Ina kas saye shi?"

"Ba a saida irinai," in ji Namadi.

"To aje shi kusa. Mu tara munka taho, kowa da gemunai."

Kafin la'asar ya aske su duka, rumfar ta cika da shewa da labarin wahalar da kowa ya sha. Dutsen ya koma kamar ƙwallon dabino, duk ya dushe. Da suka tafi na same shi yana wanke aska, na ji tausayinsa ya kama ni, na tambaye shi ko abin bai yi masa ciwo ba.

Ya juya guntun a tafin hannunsa. "Da ciwo mana, Tela. Amma shekara guda da rabi kullum sahe sai na gaishe shi, bai taɓa amsawa ba."