Rabin Gwangwani a Gonar Kawuna

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, da misalin ƙarfe goma na safe, a wata damina ta ƙarshen shekarun 1970. Mun zauna a wata rumfa kusa da shingen kan iyaka a Magama. Akwai malamin gona na wajenmu, da takwaransa na Nijar da ake kira mushe, wato malam da Faransanci, da dillalan maganin ciyawa biyu, da manoma daga ɓangarorin biyu. Kawuna na cikinsu, shi da ƙanensa da ke noma a tsallaken iyaka. Ni kuma gidan rediyo ne ya aiko ni da rikoda, don shirin manoma.

Abin da ya tara mu harƙiya ce, ciyawar nan da dabbobi ke so. Ta daina jin magani.

Damina uku ke nan da shigowar maganin. Kuɗin mai ya kwashe samari zuwa aikin gini a Kaduna da Ikko, gayya ta mutu, 'ya'yan kawu uku duk sun tafi. Ba don maganin ba da tuni ya bar gonar geronsa. Ni ne ma na riƙa karanta sanarwar a rediyo: gwangwani ɗaya a tankin feshi ɗaya. Shekarar farko gonar ta yi fes. A ta uku, ya fesa sau biyu, harƙiya na tsaye kore shar.

Malamin gona ya tambaya, "Nawa kuke zubawa a tanki?"

Ana jin ƙugin motocin hatsi da ke jiran a ɗaga shinge.

"Rabi," in ji kawu.

"Baba, don me?"

Kawu ya nuna ƙanensa da haɓa. "Wanga ba ya samu a can. Mijin ƙanwarmu ma haka. Galan guda nika samu. In fesa ni kaɗai, su suna duƙe?"

Ƙanen ya yi dariya. "Kuma a bido nawa, jarkar da yake zuba min, yana ƙara ruwa, wai ban sani ba."

"Kai ma ka ƙara wa na surukinka."

Rumfar ta ɗauki dariya, domin kowa haka yake yi. Malamin gona bai yi dariya ba. Ya ce magani mai rauni yana kashe ciyawa mai rauni, ya bar mai taurin kai, ita ce za ta zubar da iri, 'ya'yanta kuma ba za su ji magani ba ko an cika ma'auni. Ya ce gyaran ba na mutum ɗaya ba ne. Dole kowa, nan da can, ya cika gwangwani, dillalai su riƙa sauya irin maganin, sannan duk harƙiyar da ta tsira a tuge ta kafin ta yi iri, a ƙona. Kada a ba dabba, domin irin yana fita cikin kashi, kuma shanun da ke kwana a gonakin Magama don taki su ne ke kwana a gonakin tsallake.

"A ƙona?" Ƙanen kawu ya daina dariya. "Malam, lokacin fari jinkar ɗaki muka kwance muka ba shanu. Yanzu ka ce in sa wa ciyawa wuta?"

Babban dillali ya ce shi iri ɗaya ake kawo masa. Ƙaramin ya ce zai sauya idan babban ya fara. Mushe ya ce zai rubuta wa manyansa a Maradi. Aka shafa fatiha, kowa ya nufi kasuwa. Da na koma, na gaya wa masu sauraro cewa manoman ƙasashen biyu sun gana kuma sun fahimci juna. Ban sa muryar ƙanen kawu ba.

Mutum ɗaya na sani da ya yi aiki da maganar. A hanyar gida kawu ya ce mini, "Kai na rediyo, abin da malamin gona ya faɗi gaskiya ne?" Na ce gaskiya ne.

Damina ta gaba na zo hutu, ina zaune a zaure ƙanen ya iso a keke da bidonsa a ɗaure. Suka gaisa, aka sha fura. Sai ya tura bidon gaban kawu kamar yadda ya saba.

"Bana babu," in ji kawu.

"Ba a kawo ba, Yaya?"

"An kawo. Na gona guda ne."

Ƙanen ya dube shi, ya dube ni, ya ɗaure bidonsa. Bai jira tuwo ba.

Kawu ya cika gwangwani. Abin da ya tsira ya bi shi da hannu, shi kaɗai, yana da shekara sittin da wani abu, ya tara a bakin gona ya ƙona. Maƙwabta suka tsaya suna kallon hayaƙin. Wata tsohuwa mai awaki ta ce masa Allah zai tambaye shi. Su kuwa suka ci gaba da rabin gwangwani, suna yankan harƙiya suna kai wa kasuwa dami-dami. Da kaka shanu suka kwana a gonarsa kamar kullum, domin ba shi da wani takin.

Da ruwa ya sake sauka harƙiya ta riga geron fitowa. Ya fesa cikakken ma'auni, ta yi rawaya kwana huɗu ta farfaɗo. Ya ɗauki hauya ya nome abin da ya iya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙanensa yana da 'ya'ya biyu da ba su tafi birni ba, kuma da ana shiri da sun zo. Kawu bai aika ba, su ma ba su zo ba.

A wannan shekarar ƙanen bai zo gaisuwar Sallah ba. Bayan girbi kawu ya ba da aron gonar, ya koma Jibiya yana sayar da kananzir a bakin tasha.