Baba Isufu ya ce kada a yi export ɗinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shirin fita makaranta yau da safe aka kira ni, wai Baba Isufu na unguwar Darrasa ya rasu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, dattijo ne ɗan Damagaram. Karatu ya kawo shi Alƙahira tun yana saurayi, ya ƙare a tafintan 'yan kasuwarmu masu kawo riɗi da fata, su koma da magani da yadi.

Na san shi ne da na fara bincike kan tarihin kujerar ministan cinikin waje na Masar. Na je masa da rikoda da girman kai na ɗalibi. Ya kalle ni ya ce, "Yalla Dakta, ajiye na'urar nan ka ci wake tukuna."

Ko masters ban gama ba, amma daga ranar na zama Dakta.

A gabansa aka haɗa kujerar da tattalin arziki, aka raba, aka sake haɗa ta da masana'antu. Yakan ce duk canjin nan mai rubuta allon ƙofa kaɗai ya ci riba. Yana dariya, amma sai ya zauna ya warware maka abin da kowane canji ya jawo wa mai buhu goma a tashar jirgin ruwa.

Sanyina na farko a garin nan da rigarsa na yi shi. Da na mayar, ya ce in daina raina masa hankali.

Ganinmu na ƙarshe a asibiti ne a unguwar Dokki. Ya rame sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Dakta, na fitar da kayan mutane iyakar rayuwata. Ni kada a yi export ɗina. Inda na faɗi, nan za ku rufe ni, khalas, shi ke nan."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ɗazu 'yarsa Mariyama ta kira daga Damagaram, tana roƙon a kawo mata mahaifinta ko kabarinsa ta riƙa gani. Ni na faɗa mata wasiyyarsa, kuma wallahi ban taɓa furta magana mai nauyinta ba. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce, "Yayana, na yarda. Amma kada ku bari a sallace shi kamar baƙo."

Don haka 'yan'uwa na Darrasa, da unguwar Ard al-Liwa, da ko'ina, jana'iza bayan la'asar ce. Ku bar lakca, ku rufe shago, ku zo mu cika sahu.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba Isufu, Ka yalwata kabarinsa a ƙasar da ya zaɓa, Ka sanyaya zuciyar Mariyama. Wanda ke nesa, don Allah ya sa shi a addu'a, ya rubuta amin a ƙasa. Zan tura mata ta gani.