Vidosava da Ƙwayar da Ta Mutu

Vidosava matar wana ce. Ƙuruciyarta duk ta ƙare a masana'antar talabijin ta garinmu Niš, tana liƙa wayoyi da dalma. Da aka rufe wurin, ƙawayenta suka koma sayar da safa a kasuwa, ita kuwa ta kwashe kwanukan da ke kan teburin kicin, ta jera matattun kwamfutoci.

Ba ta tsaya ga gyara ba. Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne BIOS, wata 'yar ƙwaya da ke kan babban allon kwamfuta, wadda ke tayar da komai idan an kunna. Takan kwafo rubutun da ke cikinta, ta sauya wani abu, ta mayar, sai ka ga tsohuwar na'ura ta karɓi kayan da aka ce ba za ta taɓa karɓa ba.

Wana Milun mabushin ƙaho ne a gidajen biki. Kwamfutarsa ta cika da kiɗan ƙungiyarsu, ya sayo babban faifan ajiya, allon ya ƙi ganinsa. Vidosava ta ce ya bar mata. Tana tsakiyar zuba sabon rubutun aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, fankar kwamfutar na juyawa, amma fuskarta baƙa ƙirin, ƙwayar ta mutu.

Ina tsakar gida ina gasa tattasai sai ga ta da gudu, idanunta na ƙyalli. Ta tuna cewa ni da Milun rana ɗaya muka sayi kwamfutocinmu, allo iri ɗaya. Nufinta ta kunna tawa, ta zare ƙwayarta tana kan aiki, ta cusa matacciyar, ta sake rubuta ta.

"Matar yaya, kin kashe ta mijinki, yanzu tawa kike nema?"

"Kai dai ɗauko, sarkin tsoro. Ban da dara me kake yi da ita?"

Na ɗauko. Ta fara sassauta ƙwayar, ta zura zaren ɗinki ta ƙarƙashinta, sannan ta kunna. Ta gargaɗe mu cewa idan ƙarfe ya taɓa inda bai dace ba, allona ma ya tafi. Milun ya juya baya yana kallon bango. Ni na riƙe mata tocila, hasken na ta yawo, har ta ce in daina yi mata walƙiya.

Ta ja zaren a hankali. Ƙwayar ta fito tana lilo, kwamfutata kuwa ko gezau. Ta danna matacciyar da babban yatsa, ta buga umarni. Layi ya fara tafiya a fuskar na'urar, muna binsa da ido har ya kai ƙarshe.

Ta mayar da ƙwayar kan allon Milun, ta kunna. Ƙara ɗaya, ƙit, rubutu ya bayyana, ga babban faifan nan ya fito. Vidosava ta daka tsalle ta rungume ni, Milun ya figo ƙahonsa ya busa a cikin kicin har maƙwabta suka leƙo. Tattasaina ya ƙone ƙurmus.

Labari ya bazu, aka riƙa aiko mata alluna a motar haya daga Leskovac da Pirot. Yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, ta koma aiki da gilashin ƙara girma. Ran Lahadin nan ta kira ni in raka ta kasuwar tsofaffin kaya, wai ta ji an kawo wani allon da ba ta taɓa buɗe irinsa ba.